Saura 'Yata

Garinmu tsibiri ne, amma da damina kawai. In ka zo da rani ka ce mana tsibiri, yara ma dariya za su yi maka, don yashi ne fari fat ta gabas, yashi ta yamma, babura na ratsawa suna tirjiya, mata na tonon ruwa da ƙoƙo a tsakiyar kogi. Da zarar damina ta zauna kuwa, sai kogin ya rabu biyu a kudancin gari, ya zagaye mu, ya sake haɗewa a arewa. Daga nan duk mai son shiga Gwaram, ko cin kasuwa wajen Kwandiko, sai ya nemi mai fito da kwale-kwalensa. Idan kuma kogin ya cika ya batse, shi kansa mai fiton jan jirginsa yake ya ɗaure a gindin tsamiya, kowa ya zauna da abin da Allah ya hore masa a ɗaki har ruwa ya janye.

A irin wannan lokaci aka kawo ni goyon ciki. Haka al'ada take: mace in ta samu cikin fari, da ya tsufa sai a mayar da ita gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego, sannan ta koma ɗakinta. Al'ada kuwa ba ruwanta da damina ko rani. Aurena a Birnin Kudu yake, maigidana direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Birnin Kudu da Kano. Shi ya kawo ni har bakin kogi, muka ƙetare tare, ya durƙusa a zaure ya gaida Baba kansa a sunkuye, ya gaida Inna ta bayan zana ba su ga juna ba, ya juya da sauri kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Ban ga laifinsa ba. Gidan surukai ba wurin miƙe ƙafa ba ne.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ban ce ba ta cika kira ba, cewa na yi ba ta taɓa ba. Kunyar ɗan fari a wajen matan garinmu ba abin wasa ba ce, Inna kuwa ta ɗauke ta da hannu biyu. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, a cikin gida ɗaya, ɗakunan na kallon juna. A bakin Inna sunana “ke”. In na yi nisa, “yarinyar can”. In ranta ya yi fari, “'yar gidan tsohuwa”. Akwai wata yarinyar maƙwabta mai sunana, ita ma sai da Inna ta laƙaba mata wani suna, don kada bakinta ya suɓuce. Ina zaune a gabanta za ta dubi bango ta ce, “A gaya wa mutanen ɗakin can tuwo yana hucewa.”

Da ina ƙarama abin yana ci min rai, musamman in na ga ƙannena suna ɗare cinyarta tana yi musu kirari. Amma ban taɓa gama cin tuwo ban tarar da tsokar nama binne a ƙasan kwanona ba, ko da ranar nan babu wanda ya ga nama a gidan. In zazzaɓi ya kwantar da ni, nakan buɗe ido in ga inuwa a bakin ƙofa, ina motsawa ta ɓace. Haka na girma na san ana sona, irin sanin da muka yi wa ruwan kogi da rani, yana nan a ƙarƙashin yashi sai ka tona.

Baba kuwa manomi ne, gero da dawa da riɗi, da ɗan fegin shinkafa a fadama. Idonsa yana hango tsutsa a ganyen wake daga kan hanya, amma wannan ido bai taɓa ganin cikina ba. Ina tafe da ƙyar, ƙafa ta kumbura, zani ya ƙi haɗuwa, sai ya dubi saman kaina ya ce, “Yaya gajiyar hanya?” Na yi kwana da kwanaki a gidan yana tambayata gajiyar hanya. Ni ma ba na barin mayafi ya sauka in yana nan, muna ta taya juna ɓoye abin da ko makaho ya laluba zai sani.

To, akwai wata magana da na zo da ita. A asibitin da nake zuwa awo a Birnin Kudu, ma'aikaciyar jinya ta taɓa cikina, ta sake taɓawa, ta tura ni hoto. Aka ce abin da ke cikin a gicciye yake kwance. Ta ce min yana iya juyowa da kansa, amma in bai juyo ba, ba haihuwar gida ba ce, da na ji alamar naƙuda in taho, kada in tsaya jiran komai. Maigidana ya sani. Mun yi shawara, muka ga ai ga waya, ga kwale-kwale, ga mota, kuma hana ni zuwa goyon ciki tamkar ce wa iyayena ba su iya riƙo ba ne. Muka ce Allah ya kiyaye, na taho.

A duk gidan mutum ɗaya ce zan iya buɗe baki in gaya wa, wato Kaka. Tsakanin kaka da jika babu kunya, sai wasa da tsiya. Na same ta tana lissafa min arzikin da ta tara: ga itace an jibge har ya kusa kai katanga, ga ƙatuwar tukunyar wanka, ga kanwa, ga yaji an daka. Na gaya mata abin da aka ce a asibiti.

Ta ce, “A gicciye? Ubanki ma haka ya kwanta, har na zaci taɓarya na haɗiye. Ranar da ya ga dama ya juyo. Ku 'yan zamani ko atishawa kuka yi sai asibiti. A gida na haifi nawa duka, ga su nan suna cin tuwo.”

Na ce, “Kaka, cewa suka yi kada in jira.”

“Wa ya ce ki jira? Ki haihu mana, ni ma na gaji da kallonki kina tafiya kamar agwagwa.”

Inna tana bayan zana tana tankaɗe a lokacin. Na ji ƙarar rariya ta tsaya cak, ta ɗan jima, sannan ta ci gaba.

Watana ya tsaya ke nan sai labarin hadari ya iso. Rediyo ce ta fara faɗa, cewa ana sa ran ruwa mai ƙarfi da iska a kudancin Jigawa, mutanen bakin kogi su yi hattara. Mutanenmu ba su cika razana da rediyo ba, don ta sha cewa za a yi ruwa a kwana ana fifita. Amma da 'yan uwa na wajen Ningi suka bugo waya suka ce can kan duwatsu ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, kuma duk nan zai gangaro, sai kowa ya shiga taitayinsa. Bayan sallar asuba mai unguwa ya karɓi lasifikar masallaci ya yi shela: kowa ya duba rufinsa, a fito gayya a yashe magudanai, a kai dabbobi tudu. Ya ƙara da cewa mai fito zai yi ƙetarawar ƙarshe bayan la'asar, daga nan zai ɗaure jirginsa, sai yadda Allah ya yi.

Ina son garinmu kullum, amma ban taɓa sonsa kamar ranar nan ba. Kafin hantsi duk wani namiji mai ƙafa biyu yana kan rufi. Masu soro suna ta yaɓe tsagu da sabon kwaɓi, suna zura sanda cikin indararo suna fitar da ciyawa da sheƙar tsuntsaye. Masu kwano suna ta miƙa wa juna duwatsu da tsofaffin tayoyi a danne. Daga wannan rufi ana ba wancan shawarar da bai nema ba, shi kuma yana mayar da amsa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani maƙwabcinmu da suka yi shekara ba sa ga-maciji da ƙanensa a kan iyakar gona, sai ga shi riƙe da tsani, ƙanen na sama, suna ta faɗa a kan inda ya kamata a buga ƙusa.

Mata kuwa layi biyu suka ja, ɗaya a gidan mai inji, don a yi niƙa kafin man ya ƙare, ɗaya a shagon mai cajin waya. Mai tireda ya sayar da ashana da gishiri da batirin tocila har ya koma yana ba mutane haƙuri. Yara aka sa su kora awaki da tumaki zuwa tudun makarantar firamare, su kuma suka mai da abin biki, ihunsu ya fi na awakin. Samari suna cika buhuna da yashi suna jerawa a bakin ƙofofi. Ko'ina ka juya ana miƙa wani abu ta kan katanga, igiya ko galma ko ɗan garwashi, ba mai cewa a dawo masa da shi.

A gidanmu Baba shi ne sarkin yaƙi. Ya ɗaure jinkar rumbuna da igiyar rama, ya zagaya ya ja kowace ya ji ta yi tsam. Ya ƙara wa danga dirkoki. Ya sa ƙannena suka kwashe itacen jegon da Kaka ta tara min suka shigar da shi ɗakin ajiya, ba tare da ya tambayi itacen mene ne ba. Ya ɗaga buhunan taki ya ɗora a kan benci. Har akurkin kaji sai da ya canza masa wuri sau biyu.

Ni kuwa ina zaune a ƙofar ɗakin Kaka ina tsinke zogale. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Duk garin an san labarin wata mata da naƙuda ta kama shekarun baya kogi na cike, aka ɗauko ta a kan ƙyaure aka kawo bakin ruwa, aka zauna ana kallon tsallake har rai ya yi halinsa. Ba a dai ba da labarin a gaban mai ciki. Na sake yi wa Kaka magana, ta ce in bar yi wa kaina mugun baki. Maigidana ya bugo da safe yana ta tambayar ya jiki, ya jiki, na ji maganar na bakinsa, amma yaya zai ce wa surukansa su ba shi matarsa? Ni kuma yaya zan tsaya gaban Baba in ce masa ina da ciki, har in kwatanta masa yadda ya kwanta? Ga baki a gidan har ya yi yawa, amma wannan magana ɗaya ta rasa mai ɗaukarta.

Da hantsi na ga Inna ta yafa mayafi ta fita, ta ce za ta karɓo wayar ƙanwata a wurin caji. Na yi mamaki, don Inna ba ta zuwa irin wannan aike, ga yara cike da gida. Ta dawo ba ta dubi kowa ba, ta shige ɗakin Kaka, ta kwaso zannuwana da kayan jariri, ta ninke, ta cusa a jakata, ta haɗa da flas da ɗan bargo. Ta fito da jakar ta dire ta a tsakiyar tsakar gida, daidai inda duk mai wucewa sai ya yi tuntuɓe da ita. Ta koma bakin murhu.

Baba ya sauko daga tsani, ya yi karo da jaka. Ya tsaya ya dube ta. Ya ce, “Kai, wa ya bar jaka a nan, ga ruwa na zuwa?” Ya ɗauka ya kai ta ɗakin Kaka, ya ma ɗora ta a kan gado don kada danshi ya taɓa ta.

Bayan azahar jaka ta sake fitowa. Wannan karon a bakin zaure aka ajiye ta, da takalmana a kai, da mayafina a ninke. Hannunka mai sanda bai wuce wannan ba. Baba ya dawo daga yashe magudana, caɓo har gwiwa, ya tsallake ta, ya juyo ya ce, “Ikon Allah! Jakar nan ƙafa gare ta?” Ya kira ƙanena ya ce ya mayar, ya kuma ja wa yara kunne su bar wasa da kayan mutane. Yaran suka dubi juna. Kaka da ke gyangyaɗi a kan tabarma ta buɗe ido ɗaya ta ce ita dai a bar mata gadonta ta samu wurin kwanciya. Da ba tsoro ne ya cika min ciki ba, da na yi dariya har na faɗi. Yanzu kam in na tuna ina yi.

Wajen la'asar gabas ta fara haɗewa. Ba irin hadarin da muka saba ba ne, mai tasowa gefe guda. Wannan tun daga ƙasa har sama baƙi ne ƙirin, cida na ta gurnani a cikinsa ba ta tsayawa. Iska ta ɗauke ɗif, ganye ko motsi. Kaji suka shige akurki da kansu. Aka yi sallah a gaggauce, liman ya yi addu'a, maza suka watse kowa ya nufi gida.

Baba ya shigo ya tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, yana bin aikinsa da kallo. Inna tana daka a gindin turmi. Kaka na zaune, ni ina bayanta. Ya shiga lissafi da baki: rufi an danne, rumbuna an ɗaure, awaki na tudu, gari na ɗaki, itace na ɗaki. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce, “To, alhamdu lillahi. Babu abin da ya saura.”

Taɓarya ta tsaya. Inna ta jingine ta a jikin turmi, ta goge hannu a zani. Ba bango ta duba ba wannan karon, Baba ta duba, a gaban uwarsa, a gaban 'ya'yanta.

Ta ce, “Malam, saura 'yata.”

Ni kaina sai da na waiga in ga wace 'yar ake nufi.

Ta ce, “An ce ba haihuwar gida ba ce. In aka ɗaure jirgin nan tana wannan tsallaken, ban san abin da zan ce wa Allah ba.” Ta juya ga Kaka ta ce, “Iya, ki yi min aikin gafara, na yi rashin kunya. Amma a fitar min da ita.” Ba ta kuwa sunkuyar da kai ba.

Baba ya dube ni. A karon farko tun zuwana ya dube ni sosai, daga fuska har ƙafafun da suka kumbura, na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, “Inna lillahi. Shi ya sa jakar nan...” Bai ƙarasa ba. Ya juya ga ƙanena ya daka masa tsawa, “Ruga bakin kogi, ka ce wa mai fito ya dakata, in ji ni!”

Na dubi Kaka, na zaci fushi za ta yi. Can sai ta miƙa hannu ta ce, “Ku tashe ni. Ke kuma miƙo min mayafina. Tunda uwarta ta yi magana, ai magana ta ƙare. Amma wallahi in jirgin nan ya kife da ni, sai na tsaya muku a mafarki.”

Haka muka ratsa gari, Baba a gaba da jakar da ya yini yana mayarwa ɗaki, ya ɗora ta a ka kamar ɗan dako. Kaka na dogara sanda tana mita. Ni ina bin su a hankali. Inna tana can baya, ta ce flas ta biyo mu da shi, alhali flas ɗin na cikin jaka. Matan da ke kwashe shanya suna leƙowa ta kan danga suna cewa Allah ya raba lafiya, Allah ya sauke ki lafiya. Ashe duk garin a cike yake da maganar, kowa na jiran wani ya fara.

Kogin da na gani ranar nan ba wanda na ƙetare da zuwana ba ne. Ya yi ja wur, ya haye inda mata ke wanki, yana tafe da karmami da kumfa da rassan itace. Mai fito ya riga ya ɗauko igiyar ɗauri. Ya dubi sama, ya dube ni, ya mayar da igiyar cikin jirgi. Aka kama ni na shiga na zauna a tsakiya, aka cicciɓo Kaka tana salati tana zagin duk wanda ya taɓa ta. Baba ya miƙa jaka, ya ce wa mai fito, “Amana ce.” Ya ja da baya, don ba za a ƙara wa jirgin nauyi ba.

Muna barin gaɓa iska ta sauko. Ta zo da sanyi da ƙanshin ƙasa, ta kwantar da ciyawar bakin ruwa, ta fizge hular wani tsoho. Jirgin ya yi tangal-tangal, ruwa ya fallatso mana, mai fito ya dage da gorarsa yana karanta abin da ya sawwaƙa. Ni dai na rufe ido na rungume cikina.

A cikin wannan rugugi na ji an kira sunana. Cikakkensa, da ƙarfi, yadda ake kiran yaron da ya nufi bakin rijiya. Ban waiga ba. Mutane da yawa sun kira wannan suna a duniya, malamai da ƙawaye da miji, amma ban san shi da wannan murya ba, sai na ɗauka wata ake kira. Aka sake kira. Kaka ta mintsine ni a cinya ta ce, “Ke, kurma ce? Uwarki ke kiranki, amsa mana!”

Na juya. Inna ta shigo ruwa har gwiwa, mayafinta ya zame iska na wasa da shi, duk mutanen bakin kogi na kallonta, ita kuwa ko a jikinta. Ta sa hannu biyu a baki ta ce, “Ki riƙe gefen jirgi! Ki riƙe da kyau!”

Na ce, “Na'am, Inna!” Ban sani ba ko ta ji. Na riƙe gefen jirgi da hannu biyu, ina kuka wiwi kamar yarinyar da aka yaye jiya. Kaka ta ce in yi shiru kada in ƙara wa kogi ruwa, alhali ita ma tana share ido da bakin mayafi.

Da muka isa tsallake, wa zan gani? Maigidana, tsaye kusa da motarsa, ya naɗe ƙafar wando, ya shigo ruwa ya tare mu. A hanya, ruwa ya fara sauka kamar da bakin ƙwarya, yana tuƙi a hankali yana goge gilashi da tsumma, ya ba mu labari. Ya ce da hantsi yana tasha ana lodi, waya ta shigo da lambar ƙanwata. Ya ɗauka da wasa, sai ya ji muryar babbar mace ta ce, “Ka zo bakin kogi da mota kafin la'asar.” Aka kashe. Ya ce bai san lokacin da ya durƙusa a tsakiyar tasha ba, waya a kunne, yana cewa “To, Inna, ina wuni, Inna,” alhali babu kowa a layin. 'Yan kamasho suka zaci aljanu ne suka buge shi. Ya sauke fasinjansa ya ba su haƙuri ya taho.

Washegari da hantsi naƙuda ta zo, ina kan gadon asibiti a Birnin Kudu. Abin da ke ciki bai juyo ba. Aka shiga da ni aka yi min aiki, aka ciro 'ya mace, lafiyayya, mai ƙaton baki. Kaka ta karɓe ta ta jujjuya, ta ce ga taurin kai nan irin na kakanta, tun a ciki an ce ta juyo ta ƙi. Ba ta sake zancen haihuwar gida ba, ni ma ban tayar mata ba.

Garinmu kuwa ya yi fiye da mako a yanke. Ta waya muke jin labari: katangar garken Baba ta faɗi, rufin wani maƙwabci ya tashi da tayoyinsa duka ya sauka a gonar shinkafa, ruwa ya shiga gidajen gangare, amma ba a rasa rai ba. Baba ya karɓi waya ya ce a yi wa mutanen asibiti sannu da gajiya. Inna ba ta karɓa ba. Ƙanwata ta ce duk sanda na bugo, sai Inna ta jawo faifan wake ta zauna kusa tana tsinta, ta ce a ƙara murya don ita wayar nan ba ta da ƙarfi.

A Birnin Kudu aka yi suna, don kogi bai ba da hanya ba. Tun ina yarinya na yi wa kaina alkawari cewa ni in na haihu babu ruwana da kunyar ɗan fari, zan kira sunan ɗana safe da yamma har ya gaji da ji. Da aka fito daga raɗin suna, maigidana ya leƙo yana murmushi ya gaya min sunan da ya zaɓa. Sunan Inna ne. Na ce masa ya kyauta, ya kuma cuce ni, don wace 'ya ce za ta buɗe baki ta kira sunan uwarta gatsau? Dole muka nemi laƙabi.

Da ruwa ya janye muka koma gida na ƙarasa jego, itacen Kaka bai yi asara ba. Wata safiya Inna ta kawo kunun kanwa ta ajiye a bakin ƙofa. Ta saci kallon jaririyar, ta kau da kai. Na ce, “Inna, ranar nan a bakin kogi, kamar na ji an kira ni.”

Ta ce, “Iska ce.” Ta dubi bango ta ƙara da cewa, “A gaya wa masu jego kunu ba ya son jira.”

Ba ta sake kira ba har yau, ban kuma nema ba. Wancan ɗayan ya ishe ni.

Yarinyar yanzu ta shiga makaranta, bakin nan nata bai ragu ba. Rannan da yamma tana wasa a waje da ƙawayenta, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ƙyauren gida. Na fito da sauri na tsaya a bakin zaure, ga ta can ina ganinta, na buɗe baki zan kira. Sai na ji kaina na dubi katangar maƙwabta ina cewa, “A gaya wa mutanen waje ruwa ya taso.”

Ta kuwa san da wa ake. Ta yar da abin wasanta ta sheƙo da gudu, ta rungume ƙafafuna.